Mai gadin da ke mantuwa

Duk ma'aikatar da ta jingina da intanet tana da mai gadi a bakin ƙofa, wato katangar tsaro mai tantance abin da zai shiga da wanda za a kora. A yau sau da yawa manhaja ce da ke zaune cikin wata babbar kwamfuta, an yanka mata rabonta na ma'adana. Duk abin da ya gifta sai ta rubuta a kundi: daga ina, zuwa ina, da ƙarfe nawa. In rabon ya cika, takan shafe shafi mafi tsufa ta ɗora sabo, ba tare da ta shawarci kowa ba.

Wani abokina mai kula da kwamfutocin wata cibiya a Bodinga da wata a Shagari ne ya yi mini lissafin. Katangar da ke rubuta gigabait 1 a yini, in aka ba ta 30, abin da take tunawa bai wuce wata guda ba. Da aka gano an yi kutse cikin kwamfutocin ɗaya daga cibiyoyin, sai aka tarar sawun ɓarawon ya girmi kundin. Ni da na saba dogara da littafin ɗaukar rahoto, abin ya tsaya mini a rai: shaidar tana nan, rashin wuri ya cinye ta.

Manya ma sun ɗanɗana. Masu kutsen SolarWinds a Amurka sun shiga tun Satumban 2019, ba a farga ba sai Disamban 2020. A nan gida, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana irin waɗannan bayanai na shekara biyu. A lissafin abokina, gigabait 730 ke nan.

Faɗaɗa rumbun ba shi da wuya: a kashe katangar, a ƙara mata faifai na biyu, a tayar da ita. Sai dai wasu nau'o'in kan share faifan kafin su karɓe shi, don haka a fara kwashe tsohon kundin. A kuma riƙa tura kwafi zuwa wata na'ura dabam, domin ɓarawo mai wayo kundin yake fara nema.

Akwai iyaka kuma. Kundin yana ɗauke da sirrin mutane, dokar kare bayanai ta 2023 kuwa ta hana riƙe su fiye da buƙata. Saboda haka a fara yanke tsawon lokaci, sannan a auna faifai.

Ƙasarmu ta san darajar rubutu. A Sifawa ta ƙaramar hukumar Bodinga Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, kuma da littattafai irin Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello muke sanin zamaninsu. Gobe, tambayi mai kula da kwamfutocin ofishinku: kundinmu na kwana nawa ne?