Faifan da Ya Tsaya Cik

A gidanmu akwai kwali cike da faya-fayan bidiyo, wajen sittin. Waɗansu DVD ne, waɗansu kuwa Blu-ray, irin wanda aka fara sayarwa a 2006. Amma akwai guda ɗaya da ba a samunsa a kasuwa, wato na bikin auren 'yarmu ta fari. A cikinsa kaɗai muke da muryar mahaifiyata, tana yi wa amarya gargaɗi, gama ta rasu bayan 'yan watanni.

Ran nan da maraice jikokina suka ce suna so su ga tsohuwa. Na sa faifan, ya yi tafiya kaɗan, sai ya tsaya cik daidai inda ta soma magana. Na goge shi da gefen riga, na sake sawa, haka dai. Ashe duk ya karce. Daren nan barci bai ɗauke ni ba.

Da ɗana ya zo hutu na nuna masa. Ya ce, "Baba, faifai ba wurin ajiya ba ne. Bari mu kwashe su duka cikin kwamfuta." Ya kawo na'urar karanta faifai, muka zauna.

Aikin kashi biyu ne. Da fari akan kwafe abin da ke cikin faifan yadda yake, da wata manhaja mai suna MakeMKV. Sa'an nan akan matse shi da wata, HandBrake, domin kada ya cinye wuri. Gama DVD na yau da kullum yakan ɗauki gigabait 4.7, amma Blu-ray 25 ne, mai hawa biyu kuwa 50, saboda hotonsa ya fi kyau ƙwarai.

Ni da son tsimi, na ce ya matse su iyakar matsewa. Ya yi yadda na ce. Da muka kunna fim ɗaya, sai ga fuskokin mutane sun dagule, wurare masu duhu kuma sun zama dabbare-dabbare. Ya ce, "Ka gani, Baba? Matsewa zubarwa ce. Abin da aka zubar ba ya komowa." Muka sake aikin daga fari. Fim ɗin da za a iya saye kuma, muka matse shi daidai wa daida. Na iyali kuwa muka bar shi yadda yake.

Faifan bikin ya ba mu wahala. Bayan gwaji da yawa muka ceto kusan dukansa, amma kamar minti biyu na maganar tsohuwa sun tafi ke nan. Da na sani ƙeya ce.

Yanzu muna da kwafi biyu, ɗaya a wurina, ɗaya a gidan 'yata, domin ma'ajin kwamfuta ma yakan mutu ba sallama. Fina-finan da muka saya kuwa na kallon gida ne kawai. Ba mu sayarwa, ba mu rarrabawa, gama gumin waɗansu ne, dokar kwafe su kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa.

Mai karatu, in akwai faifai a gidanka wanda ke riƙe da muryar wani naka, kada ka jira sai ya tsaya. Ka ɗauko shi yau, ka nemi wanda ya iya a cikin yaranka, ku zauna tare.