Keffi: Inda Ake Gane Ciwon Mota Da Kunne

Duk wanda ya taso daga Abuja ya nufi gabas, idan Allah ya sa ya kuɓuta daga cunkoson Nyanya da Mararaba da Masaka, to, bayan tafiyar kimanin kilomita 50 zai iske kansa a Keffi. Garin mahaɗar hanyoyi ne. Ɗaya ta miƙe zuwa Akwanga, inda ta rabu biyu, ta Jos da ta Lafiya har Makurɗi, wata kuwa ta yi kudu zuwa garin Nasarawa da Toto. Kowace tana da nata ƙauyuka masu doya da rogo da riɗi da gawayi, kuma duk abin da aka samu a can sai mota ta kai shi bakin mutanen birni.

Tun kafin zuwan mota Keffi zango ce. Abdu Zanga, wani Bafillace daga ƙasar Katsina, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, ta zauna tana bin Zazzau. A nan ne cikin shekarar 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni ya tsere Kano, Turawa kuwa suka sa wannan cikin hujjojinsu na cin Kano a 1903. Kwalejin Gwamnati ta garin, wadda aka buɗe a 1949, ta yaye manyan mutane, har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Da aka cire Jihar Nasarawa daga Filato a 1996 hedkwata ta tafi Lafiya, amma jami'ar jihar a Keffi aka kafa ta.

Waɗannan duk sanannu ne. Abin da baƙo bai cika kula da shi ba shi ne garejojin da ke bakin hanyoyin fita gari, ƙarƙashin mangwaro da dogon yaro, inda baƙin mai ya riga ya rine ƙasa. A nan ake jinyar motocin da suka girmi direbobinsu, kuma babbar cikinsu ita ce Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo.

An fara ƙera ta a Faransa cikin 1968. Kamfanin harhaɗa Peugeot na Kakuri a Kaduna ya fara aiki a 1975, gwamnati ta mai da Fijo motar manyan ma'aikata, 'yan tasha suka mai da doguwarta motar dogon zango. Faransawa sun daina yin ƙaramar a ƙasarsu tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara 20 bayan haka. A yau motocin da ake shigowa da su na hannu sun ƙwace mata fasinja a manyan tashoshi. Inda ta rage ita ce hanyar ƙauye, musamman akori-kura, domin a can ne ake bukatar motar da ba ta tsoron rami, wadda kuma bakanike zai iya warware injinta da sufana da sukundireba.

To, a ce ga direba ya shigo gareji da irin wannan mota ranar jajiberin kasuwa. Kokensa shi ne ta daina jan tudu, tana shan mai kamar raƙumi, sa'an nan akwai wata ƙara, tak-tak-tak, da ta hana shi sakat. Bakaniken kirki ba ya fara kwance kome. Sai ya ce a tayar, ya ɗora tsinin doguwar sukundireba a kan murfin injin, ya kafa ƙotar a kunnensa, ya yi shiru.

Domin mai karatu ya gane abin da yake saurare, sai an ɗan leƙa cikin injin. Silinda huɗu ce, kowace da ƙofa biyu a samanta, watau bawul: ɗaya na shigar iska da fetur, ɗaya na fitar hayaƙi. Bawul takwas ke nan. Abin da ke buɗe su wani ƙarfe ne mai ƙusumbi a jikin injin, kamshaf, wanda sarƙa ke juyawa. Ƙusumbin ya ɗaga tafet, tafet ya tura wata siririyar sanda sama, sanda ta ɗaga gindin roka, kan roka ya danna bawul ƙasa, sifirin kuma ya mai da shi ya rufe. Kamshaf yana juyi ɗaya ne duk lokacin da injin ya yi biyu. Saboda haka idan injin na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa yana rufewa sau 25 a daƙiƙa guda.

Wannan rabin gudu shi ne abin da kunne ke nema. Ƙarar bawul siririya ce, daga sama take fitowa, kuma takunta rabin na injin ne. Idan kuwa ƙarar mai kauri ce kamar ana dukan turmi, daga can ƙasa, tana ƙaruwa in an taka totur, to, ba maganar bawul ba ce, ciwon ya kai ga ƙarfen gindi, aljihun direba kuma zai ji a jikinsa.

Tsakanin kan roka da kan bawul akwai 'yar tazara da maƙera suka bari da gangan, domin ƙarfe yana miƙewa in ya yi zafi. A injin Fijo mai lita 2, milimita 0.10 ce ga bawul ɗin shiga, kamar kaurin takarda ɗaya, 0.25 kuma ga na hayaƙi, kuma sai injin ya huce sarai ake aunawa. Idan tazarar ta yi yawa roka sai ya riƙa faɗa wa bawul da duka, ga ƙara, ga ƙofa ba ta buɗewa sosai, ƙarfin mota ya ragu. Gyaran wannan bai kai sa'a guda ba. Yaro ya juya injin da hannu har bawul ɗin hayaƙi na silinda ta 1 ya buɗe ƙarshen buɗewa, oga ya zura siririn ma'auni, fila gej, ya saita na shiga na ta 3 da na hayaƙi na ta 4, haka za a bi da bi har a gama takwas ɗin.

A nan ne ake samun saɓani, kuma a nan ne motoci da yawa ke mutuwa. Direba yana son injin ya yi tsit. Shi a ganinsa shiru shi ne lafiya, kuma bakaniken da ya mai do masa mota tana 'yar ƙara bai iya aiki ba. Wani bakaniken, don gudun kada a kai aikin garejin maƙwabci, sai ya matse sukurun har ƙarar ta ɓace. Alhali kuwa bawul ɗin hayaƙi yana aiki ne cikin zafin da yakan wuce digiri 700, kuma mafi yawan zafin nan yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a kan mazauninsa. In an hana shi tazara, da ƙarfe ya miƙe ba zai ƙara zama sosai ba. Wuta ta sami kafa, ta riƙa bi ta gefe tana cin bakinsa, har ta yanke shi kamar an gutsuri ƙosai. Motar takan bar gareji lafiya lau, babu ƙara ko kaɗan, sai bayan 'yan makonni, da lodin doya a kan tudun Nasarawa Eggon, ta koma tafiya da silinda uku. Wanda ya matse sukurun ya riga ya karɓi kuɗinsa, har da godiya.

Bawul ɗin da ya ƙone ba ya ɓoyuwa. A zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya, silindar da aka zare tata injin bai canza murya ba ita ce matacciya. A kara takarda a bakin salansa, in ana tsotso ta ciki lokaci-lokaci maimakon a hura ta waje, ƙofar hayaƙi ba ta rufuwa. Mai agogon auna matsi yakan ƙara da zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi ya sake aunawa: in allura ta hau, ringi ne ya cinye, in ta tsaya inda take, bawul ne. Silinda biyu maƙwabta su faɗi tare kuwa, galibi gasket ne ya ƙone a tsakaninsu. Shuɗin hayaƙi da sassafe, ko bayan an gangaro dogon tudu, alama ce mai yana zurarewa ta wuyan bawul.

Da an tabbatar, sai a sauke kan injin, wanda makanikai ke kira tof silinda. Nan ma Fijo tana da halinta. Silindarta hannun riga ce da ake zurawa, ruwa na kewaye da ita, an zaunar da ita a kan siririn abin toshewa. Wanda ya fizge kan injin sama da ƙarfi, ko ya juya injin ba tare da ya danne hannun rigar ba, ya motsa ta ke nan, kuma ran da aka tayar ruwan lagireto zai gangara cikin baƙin mai. Shi ya sa tsofaffin hannu ke fara gurgusa shi gefe kafin su ɗaga, kuma yaron da ya kai hannu ga fanka a wannan lokaci yakan sha ranƙwashi.

Sauran aikin na haƙuri ne. A kifa kan injin, a cika ramukan da kananzir a ga ta inda zai tsiyaye. A mirgina sandunan turi a kan gilashi, wadda ta yi rawa ta lanƙwashe. A duba fuskar kowane roka, domin wanda ya yi rami yakan yaudari ma'auni, a auna daidai amma ƙara tana nan. A tabbata mai yana isowa sama, gama man kwalba na bakin hanya da rashin juye shi a kan kari sukan toshe 'yar hanyar da dauɗa. Sa'an nan a kawo sabon bawul, ko na kwance daga Panteka ta Kaduna ko Apo ta Abuja, a shafa masa man wasawa, yaro ya zauna a kan tsohuwar taya yana murza sanda tsakanin tafukansa kamar mai burga miya, yana ɗagawa yana juyawa, har sai zobe mai launin toka ya kewaye bakin bawul ba yankewa. Takwas ɗin sukan ci masa yini.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, silinda ɗaya mai zubar da mai a banza tana iya cinye ribar tafiya ɗungum. Waɗanda suka mai da motocinsu masu amfani da iskar gas kuma ya kamata su riƙa auna tazarar nan a kai a kai, domin gas busasshe ne, yana sa bawul ya riƙa nutsewa cikin mazauninsa, tazara ta ƙare a ɓoye ba tare da wata ƙara ba. Ga shi masu kunnen suna ƙaranci. Injunan zamani da yawa su ke saita tazararsu da matsin mai, samari kuwa sun fi son koyon na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, wasu ma acaba ya ɗauke su tun ba su yi shekara a gareji ba.

Da la'asar sakaliya aka ɗaure kan injin, ana bin kusoshi daga tsakiya zuwa gefe. An tayar, tana tafiya da huɗunta, da 'yar ƙara siririya kamar ta keken ɗinki. Direba ya karkata kai ya ɓata fuska. Abin da ake gaya masa kullum ɗaya ne: Malam, bar ta haka, in ka yi kilomita 1,000 ka dawo a ƙara ɗaure kusoshi a sake aunawa. Yakan amsa da to, ya juya ya hau hanyar Nasarawa, domin akwai lodin da ke jiransa tun jiya.