Babur ɗin da Baffa Ya Zaɓa Mini

A Kanon ƙuruciyarmu babura ma suna da manya da ƙanana, kuma kowane yaro a unguwa ya san jerinsu. A sama akwai Honda Benly, CD175, mai silinda biyu da salansa biyu, wanda da jin sautinsa ka san babban ma'aikaci ya shigo layi. Akwai Besfa ta malamai da 'yan kasuwar Kwari, wadda ake hawa da babbar riga a sauka fes. Sai Suzuki 100 da Yamaha 100 na samari, masu ƙara da shuɗin hayaƙi. Da yawansu sun shigo gidaje ne bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da ma'aikata suka riƙe kuɗi a dunƙule. Can ƙarshen layi kuma akwai 'yar ƙaramar Honda 50 da yayarta 70, masu farar roba a gaban ƙafa, waɗanda samari ke ce wa babur ɗin mata.

Lokacin da tawa buƙatar ta zo, zamani ya riga ya juya. A 1987 aka tura ni koyarwa wata firamare a bayan gari, inda motar haya ba ta shiga sai ranar kasuwa. Shirin gwamnati na gyaran tattalin arziki, SAP, ya karya darajar naira tun shekarar da ta gabata, sabon babur a kwali ya fi ƙarfin malamin makaranta. Da kwasar adashi da abin da mahaifiyata ta ƙara mini na haɗa kuɗin na hannu. Ban taɓa tuƙa komai ba sai keke, amma zuciyata tana kan Suzuki, jan tanki, irin na abokaina.

Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya daɗe yana hawan Benly zuwa aiki, ya ce ba zan je ni kaɗai ba. Ya ɗauko bakanikensa muka nufi wajen dillalan babura a Fagge. Bai tambayi farashin komai ba da farko. Ya nuna Suzukin da nake ta kallo ya ce in hau. Na hau. Ya ce, "Sauke ƙafa." Ni ba dogo ba ne, kuma a lokacin ba ni da jiki, sai ga yatsun ƙafata kaɗai ke taɓa ƙasa, babur ɗin yana rinjaya ta gefe. Bai ce uffan ba, ya wuce gaba ya dafa sirdin wata Honda 70 mai ruwan toka. Da na zauna, tafin ƙafata biyu suka kwanta a ƙasa sosai. Ya roƙi dillali aka shimfiɗa buhu, aka kwantar da babur ɗin a kai a hankali, ya ce in ɗaga. Na ɗaga ba tare da nishi ba. Ya ce in tura shi zuwa bakin titi in juyo da shi.

Na ce, "Baffa, ai wannan na mata ne."

Ya ce, "Ɗana, da rarrafe yaro kan tashi. Babur ɗin da in ya faɗi za ka ɗaga kai kaɗai a daji, shi ne naka yanzu. Waɗancan suna nan, ba inda za su."

Daga nan aiki ya koma hannun bakanike, kuma har yau ina ganin yadda ya yi shi. Ya fara ɗora bayan hannunsa a kan injin, don ya tabbata da sanyinsa, domin injin da aka ɗumama kafin mai saye ya iso yakan ɓoye ciwonsa. Ya taka kik sau ɗaya, babur ya tashi, ya tsuguna yana saurare. Ya kashe, ya zura ɗan yatsa a bakin salansa ya duba: busasshen baƙi ne, ba danshin mai. Ya kwance fulogi ya kalli kansa. Ya ja baya ya runtse ido ɗaya yana auna tayar gaba da ta baya, ko sun yi layi, don babur ɗin da ya taɓa cin karo ba ya miƙewa daidai. A ƙarshe ya goge lambar injin da ta jikin ƙarfe ya gwada da rasit. Sannan ya dubi Baffa ya ce, "Alhaji, a yi ciniki."

Sai da na fara koyo na gane abin da Baffa ya gani. Babbar wahalar sabon mahayi ita ce kuloci. A kan Suzuki ko Benly dole hannun hagu ya saki kuloci a hankali yayin da na dama ke murɗa totur, ƙafar hagu tana neman giya, ido kuma yana kan hanya. In ka saki da sauri babur ya zabura ko ya mutu, kuma a tsakiyar shataletale hakan ba wasa ba ne. Besfa ta fi haka wuya: giyarta a hannun hagu take tare da kuloci, sai ka matse ka murɗa, injinta a ɓangaren dama yake, tayoyinta ƙanana, rami kaɗan ya girgiza ta. Honda 70 kuwa ba ta da hannun kuloci ko kaɗan. Kulocinta na kama kansa ne idan injin ya ɗauki gudu. Kai dai ka sassauta totur, ka taka giya da yatsu ko da dunduniya, giya uku kacal. Kamfanin Honda ya fito da wannan samfuri, Super Cub, a Japan a 1958, kuma an tsara shi ne yadda mai kai taliya gida-gida zai iya tuƙi da hannu ɗaya. Zuwa 2017 an ƙera sama da miliyan 100, babu wani abin hawa mai inji da ya kai haka. Tayoyinsa manya ne, inci 17, nauyinsa bai kai kilo 90 ba, tankin mai yana ƙarƙashin sirdi, injin yana ƙasa-ƙasa, shi ya sa ba ya rinjayar mutum. Ba ya buƙatar man 2T irin na masu hayaƙi, baƙin mai kawai za ka riƙa canzawa a kan lokaci.

A filin ƙwallon wata firamare ta unguwarmu na koya, bayan la'asar, in yara sun watse. Ranar farko Baffa bai bari an tayar da injin ba. Turawa kawai, da birki, da ɗora babur a kan jak da sauke shi. Bayan nan ya ajiye duwatsu biyu ya ce in riƙa zagaya su ina ratsawa ta tsakiya, a giya ta ɗaya, ba sauke ƙafa. Yana tsaye da carbi a hannu yana cewa, "Ɗaga kanka! Inda ka kalla can zai kai ka." Ya kai ni gefen filin inda rairayi ya taru ya nuna mini yadda birkin gaba ke zame taya a cikin yashi, ya ce a irin wannan wuri ƙafa ce ke birki, hannu ya huta. Ya koya mini tattare bakin riga in zauna a kai, duk da sarƙar wannan babur a rufe take cikin gidanta, don ya san wata rana zan hau wanda tasa a buɗe take, kuma ya san mutanen da tayar baya ta naɗe wa riga. Ya hana ni goyo har sai damina ta wuce.

Shi kansa ya koyi tuƙi ne tun ana bin hannun hagu, kafin a koma dama a 1972, kuma yana cewa a makon canjin ne ya ga amfanin tafiya a hankali, don kowa a titi ya zama ɗan koyo.

Ranar da na fara shiga titin Zariya, manyan motoci suna wuce ni iskarsu tana kaɗa ni, amma hankalina duka yana kan hanya, domin babur ɗin bai nemi kome daga gare ni ba sai totur da birki. Wannan shi ne alherin ƙaramin babur ga mai koyo, kuma ban ga abin da ya kai shi ba. Ko na murɗa totur har ƙarshe ba zai yi gudun da zai fi ƙarfin idona ba. Ya kai ni makaranta rani da damina, ta cikin burji da taɓo, da littattafan yara ɗaure a baya. Da na koma kan Yamaha daga baya, kuloci kaɗai na koya, sauran duk suna jikina. Ƙanena ya gaji Hondar, shi ma a kanta ya koya.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yadda yara ke fara hawa. Tun da baburan Jincheng suka cika gari, sannan Bajaj Boxer masu dogon sirdi da aka yi domin ɗaukar fasinja da kaya, yaro yakan koya ne a kan duk wanda ya samu a zaure, nauyinsa ya haura kilo 100, ƙafarsa ba ta kai ƙasa, kuma ranar farko da aboki a baya. Alhali irin nawa bai ɓace ba. Shi ne roba-roban da ke ko'ina a Kano, Lifan da 'yan'uwansa, masu injin 110, har da maɓallin tayarwa. Da ɗan ƙanwata ya samu gurbi a jami'a ya zo neman shawara, irinsa muka saya. Abu ɗaya na ƙara wanda ba mu damu da shi ba a zamaninmu: kafin mu bar kasuwa na saya masa hular kwano mai igiyar haɓa, na sa ya gwada har muka samu wadda ba ta juyawa a kansa, kuma kuɗinta daga aljihuna ya fito don kada ya ce tsada ta hana.