Bangon da Ke Shan Makamashi: Daga Gazawa zuwa Kadarash

Daga Gazawa zuwa Maraɗi, ta Agye da Cadawa, ba abin faɗi, kuma muna wuce Gidan Rumji barci ya kwashe ni. Bayan doguwar tafiya, labari sai a birnin Marsai. Ɗakin da na kama kusa da tashar jirgin ƙasa ba taga, ba buta, mai gidan kuma sai da ya ƙirga kuɗinsa kafin ya amsa gaisuwata. Mu a Gazawa baƙo sai ya sha ruwa ake tambayar abin da ke tafe da shi.

Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa injiniya, ta ɗauke ni a motarta zuwa Kadarash, bakin kogin Durans. Nan ake gina ITER, tukunyar ƙarfe da za ta haɗe ƙwayoyin ditiriyom da tiritiyom a zafin digiri miliyan 150. Girman ginin ya ba ni mamaki, amma abin da ya tsaya mini a rai guntun bango ne da ta miƙo mini, baƙin gawayi mai ɓawo-ɓawo, daga tsohon injin Tore Supra.

"Riƙe da kyau, ɗana," in ji ta, "wannan ne ya hana mu barci."

Ashe bangon yana shan iskar da ake hura wa injin, yadda sabuwar randa ke shan ruwa. A Tore Supra kusan rabin abin da aka zuba kan maƙale idan an daɗe ana aiki. Tiritiyom kuwa tsada gare shi, yana fitar da tururi mai cutarwa, sai bayan shekara 12 rabinsa ke lalacewa. Shi ya sa aka kafa wa ITER iyaka: kada ya wuce giram 700 a ciki.

Na ce, "Inna, yaya ake auna abin da ya ɓuya?" Ta ce ana ƙirga abin da aka zuba da abin da famfo ya zuƙo, gibin shi ne rabon bango. Sannan a ciro guntu a gasa shi a hankali, a auna iskar da ke fita, ko a harba masa hasken leza. Da irin wannan awo aka ga cewa injin JET na Ingila, da ya sauya gawayi da beriliyom da tangistan a 2011, ya rage shan da ninki goma ko fiye. Wannan ƙididdiga ta burge ni ƙwarai.

Da dare ta ciyar da ni miyar kifi. Da daɗi, sai dai ba yaji, ba daddawa. Sauran kwanakin ruwan sama ne da jiran jirgi.