Daga Littafin Haya Zuwa Littafin Waya

Mu da muka tashi a Kankiya bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, hanyar Kano ce ta koya mana son karatu. Garinmu yana bakin titin Kano zuwa Katsina, don haka duk ɗan kasuwar da ya je sari Sabon Gari yakan haɗo da ƙunshin littattafai. Mai shago ya jera su a kan tebur, ka ba da 'yan kuɗi kaɗan ka ɗauki haya, gobe ka mayar.

A makaranta mun karanta Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a birnin Katsina. Amma littattafan da suka hana mu barci su ne na kasuwar Kano: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da Allura Cikin Ruwa na 'yar jiharmu Bilkisu Funtuwa. Kashi-kashi suke fitowa. Ka gama na ɗaya a daidai inda labari ya ɗau zafi, na biyu kuwa yana hannun wata amarya a Kusada, sai an sami mai zuwa a ba shi sallahu. Kafin ya dawo bangonsa ya fita, an ɗinke shi da zare.

Abin da na fi kewa shi ne karatun dare. Bayan sallar isha'i a kunna fitilar ƙwai, iyayenmu mata da ba su yi boko ba su zauna a tabarma, ni in riƙa karantowa. Innata takan tsayar da ni ta ce, "Kai ɗan nan, maimaita wurin nan." A yi ta gardama a kan wa ke da gaskiya tsakanin uwargida da amarya har dare ya raba.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, daga baya Facebook da WhatsApp suka biyo. Yau ƙanwata a Kusada tana karanta shafin da marubuciya ta rubuta da safe kafin azahar. In littafin kuɗi ne, ta tura kuɗi ta banki a sa ta a zauren WhatsApp na littafin. Wadda ba ta iya karatu ba ta saurara a YouTube. Wannan alheri ne babba. Matan da ba su da kuɗin ɗab'i sun sami masu karatu, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna yawansu.

Damuwata ɗaya ce: littafin waya ba ya zama. Waya ta lalace ko a rufe zaure, labari ya tafi. Manhajar OkadaBooks da marubuta da yawa suka dogara da ita ta rufe a 2023. Ga kuma masu yaɗa littafin kuɗi kyauta, marubuciya ta tashi a tutar babu.

Don haka nake roƙon marubutanmu, duk wanda ya kammala littafi a waya ya daure ya buga ko kwafi kaɗan ne, ya kai ɗakunan karatu na makarantun Kankiya da Kusada. Masu tsofaffin littattafai a akwati kuma ku fito da su a ɗauki hotonsu kafin gara ta cinye.