Shekarun da ke jikin kwalba

A shagunan manyan filayen jiragen sama akan jera kwalabe biyu na barasar rake, wadda duniya ta sani da suna rum. Ɗaya Zacapa ce ta ƙasar Gwatamala, da lamba 23 a goshinta. Ɗayar kuma Appleton Estate ta Jamaika, mai lamba 21. Duk wanda ya dubi lambobin zai ɗauka ta farkon ta girmi ta biyun da shekara biyu. Gaskiyar ta sha bamban da haka, kuma ko ga wanda bai taɓa kusantar barasa ba, akwai abin lura a yadda lamba ɗaya ke sayar da kaya.

Ana yin rum da ruwan rake, ko da baƙin ruwan nan mai danƙo da ke saura bayan an cire sukari. A bar shi ya tsima, a tace shi ta tururi, sannan a ɗura a gangunan katako ya yi shekaru. Babu ganguna biyu da ke ba da ɗanɗano iri ɗaya, don haka ake buƙatar gwanin haɗi, wanda aikinsa ya yi kama da na mai haɗa turare: hancinsa ne jarinsa. A Appleton, Joy Spence ta karɓi wannan aiki a 1997, mace ta farko da ta riƙe irin muƙamin a masana'antar. Ilimin sinadarai ta karanta, kuma ta shiga kamfanin tun 1981.

A wurin Spence, lambar da ke jikin kwalba shekarun mafi ƙanƙanta ne a cikin haɗin. Idan an rubuta 21, babu ɗigon da bai cika shekara 21 a ganga ba. Zacapa kuwa tana bin tsarin solera da aka aro daga Sifaniya, inda ake ɗiba daga tsofaffin ganguna a cike giɓin da sababbi. Haɗinta ya ƙunshi 'yan shekara 6 zuwa 23. Lambar da aka ɗora a goshi ta babbar yaya ce, ƙannen kuma suna fakewa a bayanta.

Bambancin yana da nauyi domin shekaru tsada gare su. A zafin yankin Karebiyan, ganga kan yi asarar kimanin kashi 6 cikin ɗari ko fiye kowace shekara ta hanyar tururi, abin da masu sana'ar ke kira rabon mala'iku. A sanyin Sikotilan asarar wiski ba ta wuce wajen kashi 2 ba. A lissafin kashi 6, bayan shekara 21 abin da ya rage bai kai sulusi ba. Mai saye yana biyan kuɗin abin da ke kwalba da na abin da iska ta kwashe.

Sai batun zaƙi. Tacewa ta tururi ba ta barin sukari, saboda haka yawan zaƙin da ake ji a wasu kwalabe masu tsada ƙari ne da aka yi daga baya. Sukari yana rufe kaifin sabon rum, ya sa harshe ya zaci tsufa ne, kamar yadda ƙonannen sukari ke ba shi duhun launi ya ruɗi ido. Hukumomin sayar da barasa na Finlan da Suwidin, wato Alko da Systembolaget, sun taimaka wajen tona wannan asiri da awon da suke yi. Tun daga 2021 Tarayyar Turai ta hana kiran abin sha rum idan abin zaƙin da aka ƙara ya haura giram 20 a lita guda. Shi ya sa ƙwararrun masu ɗanɗano ba sa tsayawa ga laushi. Suna sauraron ƙamshin da ke fitowa bayan an bar kofi ya huta, da ɗacin katako, da tsawon lokacin da ɗanɗanon ke yi a baki kafin ya gushe.

Wannan gardama tana da tsohon tushe. Tun ƙarni na 17, bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka noma raken Babados da Jamaika, kuma rum na cikin hajar da aka riƙa musanyawa da mutane a gaɓar Afirka ta Yamma. Ribar takan ƙare ne a ƙetaren teku. A 2024 Jamaika ta gyara ƙa'idar sunan rum ɗinta, ta ce sai wanda ya tsufa a tsibirin zai amsa sunan. Wasu kamfanoni sun ƙi yarda, domin shekarun ganga su ne aikin yi, su ne kuma mafi tsokar kuɗin.

Hausawa na cewa sayen nagari mai da kuɗi gida. A kasuwar rum, sanin nagarin yana farawa da tambayar da kwalba ba ta cika son amsawa ba: lambar nan ta babba ce ko ta ƙarami, kuma a wace ƙasa aka ƙirga ta?