Baƙon Da Ya Ci Tuwo Ya Tafi Da Magana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka in kawo wata magana gaban malamai da akawuna 'yan'uwana, ko a sami wanda zai ƙara mini haske. Ni akawu ne a nan Daura, karatun makarantar mishan na yi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa wani abu ne da ya faru a zaurenmu.

Ina da kawu, dillalin shanu ne, yakan ci kasuwar Mai'aduwa. Wata rana bayan sallar isha wani mutum da muka daɗe da sani ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo tuwo muka ci tare. Sai ya jawo hirar wasu shanu da aka sace. Kawu ya ce, "Ai tun da na ɗora ido a kansu na san na sata ne, na kuma san wanda ya koro su. Shi ya sa na ce ba da ni ba, na kama gabana." Ashe wayar mutumin tana cikin aljihu tana ɗaukar magana, ashe kuma ɗan rahoto ne, wasu jami'an tsaro ya ke yi wa aiki. Bayan kwana biyu aka zo aka tafi da Kawu. Da aka kunna masa muryarsa sai ya ji rabin farko kaɗai, watau ya san shanun, ya san mai su. Inda ya ce ba da shi ba, babu. Ya kwana uku a tsare kafin a saurari maganar duka a sake shi.

Tun ran nan zaurenmu ya canja. Kawu mutum ne mai hira, amma yanzu in baƙo ya zauna sai ka ga idonsa na kan aljihun baƙon. Ran da ya dawo ya ce mini, "Kai da ka yi boko, gaya mini, doka ta yarda da wannan?" Na ce, "Kawu, ka ba ni lokaci in bincika." To, ga abin da na samo.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 37, ya ba kowane ɗan ƙasa kariya ga sirrinsa, da na gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya. Amma sashe na 45 ya ce ana iya yin dokar da za ta rage wannan haƙƙi sabo da tsaron ƙasa, ko zaman lafiyar jama'a, ko kare haƙƙin waɗansu. A 2019 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idojin sauraren wayar mutane, inda ta ce sai an sami takardar izni daga alƙalin Babbar Kotun Tarayya, in kuwa abin gaggawa ne a nemi takardar cikin awa 48. Sai dai waɗannan ƙa'idoji maganar da ta bi ta layin sadarwa suka shafa. Hirar zaure baki da baki a ke yinta.

Daga nan sai na koma ga Dokar Shaida ta 2011. Sashe na 14 ya ce shaidar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba, ko ta saɓa wa doka, kotu za ta karɓe ta, sai fa in alƙali ya ga ɓarnar karɓarta ta rinjayi amfaninta. Sashe na 15 ya jera abin da zai auna: nauyin shaidar, da girman laifin da a ke tuhuma, da munin hanyar da aka bi, da ko da gangan aka bi ta, da kuma ko akwai wata hanya mai tsabta da za a iya samun shaidar. Wannan ra'ayi tsoho ne. Tun 1955 majalisar ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tsaya a kansa cikin shari'ar wani mutumin Kenya mai suna Kuruma, a 1968 kuma Kotun Ƙolin Nijeriya ta bi sawu cikin shari'ar Musa Sadau. Sashe na 84 kuwa ya ce abin da na'ura ta ɗauka sai an tabbatar na'urar tana aiki daidai sa'ad da ta ɗauka. Watau dai a ƙasarmu alƙali yakan shigo maganar ne bayan an riga an ɗauki murya.

Kada a ce na rufe ido ga amfanin wannan aiki. Masu karatu za su tuna Faruk Lawan, ɗan Majalisar Wakilai daga Jihar Kano, wanda ya shugabanci kwamitin binciken tallafin man fetur a 2012. Attajiri Femi Otedola ya shaida wa kotu cewa da sanin 'yan sandan ciki aka ɗauki hoton ba da kuɗin a gidansa da ke Ikko, dala 500,000. A 2021 kotu ta ɗaure Lawan shekara 7, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta mai da ita 5 a 2022, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2024. Irin wannan laifi a ɗaki a ke yinsa, in ba da ɗan gari ba yaya za a ci gari? Mu kuma mutanen Daura ba mu manta ran 1 ga Mayu 2019 ba, da aka ɗauke Magajin Gari, Alhaji Musa Umar Uba, daga ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. Wanda ya ga wannan ba zai ce a ɗaure wa masu tsaro hannu ba.

Amma a lura da bambanci. A shari'ar Lawan mai gida ne da kansa ya yarda a kafa na'ura a gidansa. A zaurenmu kuwa mai gida ba shi da labari. Ya buɗe ƙofa ga baƙo ɗaya, ashe hukuma ce ta shigo cikin aljihun baƙon.

Waɗansu ƙasashe sun yi gardama a kan wannan. A 1971 Kotun Ƙolin Amurka, cikin shari'ar wani White, ta ce wanda ya faɗa wa aboki asirinsa ya ɗauki kasadar abokin ya tona, ko da baki ko da na'ura, don haka ba a bukatar takardar izni. Amma a 1990 Kotun Ƙolin Kanada, cikin shari'ar Duarte, ta ƙi wannan ra'ayi, ta ce mai tsegumi daban, hukuma mai adana kowace kalma daban, sai da iznin alƙali. A Amurkan ma kotun jihar West Virginia ta yanke a 2007 cewa in cikin gidan mutum za a yi, sai an nemi izni tukuna.

Ni dai ra'ayin Kanada ya fi kwanta mini, don ya yi daidai da ginin gidan Bahaushe. Me ya sa kakanninmu suka yi zaure, suka yi shigifa, sa'an nan cikin gida? Don kowane baƙo ya san iyakarsa. Ban isa in yi fatawa ba, amma malamai sun sani Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba tare da izni da sallama ba, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Galibi ɗan sanda ba ya binciken ɗakin mutum sai da takarda daga alƙali. To, in akwatin mutum ya cancanci takarda, maganar bakinsa fa?

Sabo da haka ina roƙon wakilanmu a majalisa su duba abu uku. Na ɗaya, kada a aiki ɗan rahoto da na'ura cikin gidan wani sai alƙali ya ji dalili ya sa hannu, in gaggawa ce a nemi izni cikin awa 48 kamar yadda a ke yi wa waya. Na biyu, a ajiye maganar duka tun daga sallama har ban kwana, kada a tsare kowa a kan guntu. Na uku, a bayyana wa alƙali ko an biya ɗan rahoton, ko an yi masa alkawarin sassauci a kan nasa laifin, gama wanda a ke biya gwargwadon abin da ya kawo ba zai so ya koma hannu wofi ba.

Na karanta wa Kawu abin da na samo. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Watau yanzu sai in riƙa cewa baƙo ya ajiye wayarsa tare da takalmansa?" Na rasa amsar da zan ba shi. Malamai da lauyoyi masu karanta wannan jarida, ku taimake ni da ita.

Allah ya kiyaye mu da sharrin wanda muka yarda da shi, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Daura.